Anti, na biyo mijina Jamus amma zaman ya fi ƙarfina

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya saka miki da alheri kan yadda kike sauraren kukan mutane a wannan fili. Don Allah a sakaya sunana.

Shekarata 34, ina da aure da 'ya ɗaya mai shekara 5. Maigidana injiniya ne, aiki ya kawo shi Hamburg, birni na biyu mafi girma a Jamus, bayan shekara biyu muka biyo shi ni da yarinyar. Wata 14 ke nan da zuwanmu. Kafin na taho na yi shekara 9 ina koyarwa a sakandare, in na tsaya gaban aji na buɗe baki kowa sai ya yi tsit. Yau ni ce in an danna ƙararrawar ƙofa gabana yake faɗuwa, don ban san me za a ce mini ba, ban kuma san me zan mayar ba.

Na ci jarrabawar Jamusanci ta matakin farko, wato A1, kafin a ba ni biza, na ɗauka na kama hanya. Ashe gaisuwa da ƙirga kuɗi kawai na iya. Nan komai a takarda yake zuwa: inshorar lafiya, ofishin baƙi, mai gida, har kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 da ake karɓa a kan kowane gida duk wata ko ba ka kunna ba. Kuma ba inda za ki je kai tsaye, sai da abin da suke kira Termin, wato a sa miki rana da lokaci, wani lokacin makonni a gaba. Ina da aljihun tebur guda da nake tara wasiƙu, sai maigidan ya dawo ya karanta mini. Mai digiri ce ni, Anti, amma sai an karanta mini wasiƙar da ke ɗauke da sunana.

A watanmu na biyu na kunna injin wanki wajen sha ɗaya saura na dare. Da safe na tarar da takarda manne a ƙofa, an ja layi biyu ƙarƙashin 22:00. Daga baya na fahimci daga 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne. Matar da ta rubuta bango ɗaya ne tsakaninmu, muna haɗuwa a matakala, ba ta taɓa yi mini maganar baki da baki ba. Ban ce ta yi laifi ba, ƙa'idarsu ce, kuma baƙo ko da ido makaho ne. Amma tun ranar nake tafiya da sanɗa a cikin gidana. Ko shara zan zubar sai na tsaya gaban kwandunan nan huɗu, baƙi da kore da shuɗi da rawaya, kowanne da irin sharar da ake zubawa a cikinsa, ina waige-waige kada wani ya ga na yi kuskure.

Hunturu kuwa ba a cewa komai. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, wajen ƙarfe 4 ta faɗi, mafi yawan kwanaki ma gajimare ne da yayyafi. Ranar Lahadi shaguna a rufe. Akwai ranar da na lura tun safe har maigidan ya dawo ban furta kalma ga babban mutum ko ɗaya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru makon jiya. Na je ɗauko yarinyata daga gidan renon yara, malamarsu ta tsayar da ni tana bayani, ina ta gyaɗa kai ban gane ko rabi ba. Sai yarinyar ta ja hannuna ta ce, "Mama, cewa ta yi gobe a kawo mini takalmin ruwa." Ta juya ta yi wa malamar wata magana da Jamusanci, suka yi murmushi su biyu. Ba da mugunta ba ne, na sani. Amma a cikin jirgin ƙasa na juya fuskata ga taga don kada ta ga hawayena.

Maigidana ba mugu ba ne, bai rage mu da komai ba. Sai dai shi da Turanci yake aikinsa, yana da abokan aiki, yana da inda ake jiran sa kullum da safe. In na fara magana sai ya ce in yi haƙuri, kowa da haka ya fara. 'Yan'uwana kuma hotunan da na ɗauka a bakin kogin Elbe suke gani, su ce Allah ya yi mini. Mahaifiyata in ta kira sai na wanke fuska na gyara murya. Ta yaya zan ce mata ina kuka a inda dubbai suke addu'ar zuwa?

Yanzu na samu gurbi a kwas ɗin da ake yi wa baƙi, awa 600 na harshe da awa 100 na sanin ƙasa da dokokinta, wanda ake so ya kai mutum matsakaicin mataki na B1. To amma koyarwa a makarantun nan sai an tantance takarduna, ga Jamusanci na matakin ƙwarewa, C1 ko ma C2, wato shekaru ne a gabana. Zuciyata kuma tana raya mini in ɗauki 'yata mu koma gida in ci gaba da aikina. A ƙa'ida wanda ya bar ƙasar fiye da wata 6 izinin zamansa faɗuwa yake, sai in an ƙara masa wa'adi tun kafin ya tafi. Yarinyar kuma baɗi za ta shiga firamare, kuma a nan zuwa makaranta wajibi ne, da ta fara ba sauran ɗauke ta a tsakiyar zango. Ke nan lokacin yanke shawara ya ƙure mini.

Anti, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ki faɗa mini gaskiya. In daure in shiga kwas ɗin, ko komawa ba gazawa ba ce? In na tafi, na raba yarinya da mahaifinta saboda kaina, wannan ba son zuciya ba ne? Ta wace hanya zan fahimtar da maigidana cewa abin da ke damu na ya wuce kewar gida, ba tare da ya ji kamar na raina ƙoƙarinsa ba? Sannan barci ya ƙaurace mini kusan wata uku, ina tunanin ganin likita, amma da wane harshe zan zayyana masa abin da ke cikin raina? Kuma Mama, in gaya mata ko in bar ta da hotunan?

Ina jiran amsarki.

Taki,
Wata 'yar'uwa daga Hamburg