Lemun nan ya riƙe 'ya'ya

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Na san shirun ya yi tsawo, to yau dai labari ne ya ƙi zama a cikina: lemun tsamin nan na tukunya ya riƙe 'ya'ya. Guda bakwai! Na ƙirga da safe, na sake ƙirgawa da la'asar.

Ka tuna ranar da na shigo da shi, ka ce ko akuya ba za ta waiwaye shi ba? To sai ka zo ka maimaita a gabansa. Lemun mai aure ne, shi ya sa a shekara 3 ya fara 'ya'ya. Naka da ka shuka daga ƙwallo kuwa, yakan kai shekara 7 har 10 bai yi fure ba, sai dai ya yi ta tara maka ƙaya. Da gaske nake, ka nemi wanda ya iya aure ya ɗaura masa reshen bishiyar da ta riga ta fara haihuwa.

Bara fa na kusa rasa shi, ban gaya wa kowa ba. Ganye ya koma ɗorawa yana ta zuba, na ɗauka ƙishi ne, na riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Ashe ruwan ne ke kashe shi. Da na zare shi daga tukunya, sai na tarar saiwoyin ƙasa sun yi baƙi sun yi laushi, ga wari. Hudar gindin ce ta toshe. Ita saiwa ma iska take sha, in ruwa ya kwanta mata sai ta ruɓe. Wallahi daren nan barci bai ɗauke ni ba. Da gari ya waye na yanke ruɓaɓɓun, na ƙara huda huɗu, na gauraya sabuwar ƙasa da yashi mai kaushi da takin da ya daɗe da ruɓewa, na kula kada ƙasa ta rufe wurin auren. Sai da ya yi sati shida kamar sanda kafin ya yi toho. Yanzu sai na tsoma yatsa gaɓa biyu na ji ƙasa ta bushe nake zuba ruwa, in na tashi zubawa kuwa har sai ya ɗigo ta ƙasa.

Af, autarmu ta gama makaranta, tana gaishe ka. Goggo kuma har yau tana cigiyar laimar da ka ara. Na ce mata da bakinka za ka amsa.

Baba ya matsa in zuba wa lemun toka, na ba shi haƙuri. Lemo ya fi son ƙasa mai ɗan tsami, toka kuwa kashe tsamin take yi, sai ka ga sababbin ganye sun ɗashe jijiyoyinsu kaɗai ne kore, don saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe. Na dai matsar da shi inda yake samun rana awa 6 zuwa 8, ina juya tukunyar duk sati don kada ya karkata gefe guda. Furen da ya yi ya fi ƙarfin ƙirga, ƙamshi har cikin ɗaki, amma yawancinsa ya zube. Haka ɗabi'arsa take, abin da zai iya ciyarwa kaɗai yake riƙewa.

Abin da ya tsaya mini a rai yanzu tururuwa ce. Na ga tana safa a jikin reshe, da na juya ganye sai ga wasu ƙwari farare kamar auduga. Su ke tsotsar ruwan bishiyar, su fitar da wani abu mai zaƙi, tururuwa na sha tana gadinsu, ganyen kuma ya yi baƙi kamar kunkunniya. Ina wanke su da ruwan sabulu kaɗan da yamma, don rana kada ta ƙona ganyen, amma bayan kwana biyu sai su dawo. Biyu daga cikin bakwai ɗin nan a reshen suke.

Akwai abin da na zauna in tambaye ka, ya kwanta mini. In Allah ya yarda, nan da wata shida zuwa tara za su nuna. Na ware maka mafi girman, wanda ke can sama. Ka gai da mutanen gida, ka kuma rubuto ka gaya mini tsawon da naka ya kai.

Naka har kullum.