Kada Ka Sa Hannu a Takardar Nan Tukuna

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan karatunka. Mu nan lafiya ƙalau. Na san muryar nan ta cikin kwamfutarka, mai karanta wa makafi rubutu, ita ce za ta karanto maka wannan wasiƙa, to ka rage mata gudu. Yadda kake sa ta tana zuba kamar ruwan sama ni ko kalma ɗaya ba na kamawa, kuma ba na so maganata ta wuce ka haka.

Tun da muka yi waya ran Asabar ban samu barcin kirki ba. Ka ce malamin da ke ba ɗalibai shawara ya kira ka ofis, ya ce tunda za ku shiga ajin da ake zaɓen darussa, gara ka sa hannu a takarda ka ajiye lissafi da kimiyya ka koma rukunin da aka sauƙaƙa, inda aka fi ba da ƙarfi kan koyon harkokin yau da kullum. Ka ce cikin taushin murya ya yi maka magana, har ya dafa kafaɗarka. Ban zarge shi da mugun nufi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ka rufe zancen da cewa, "Mama, wataƙila ma hakan ya fi." Yaron da tun yana ɗan shekara bakwai yake riga ni haɗa lissafi da ka, yau shi ke faɗa mini haka.

Taimakon da makaranta ke yi wa ɗalibi mai buƙata ta musamman iri biyu ne, kuma sau da yawa a takarda ɗaya ake cusa su, da suna ɗaya, har iyaye su sa hannu ba su san wanne suka karɓa ba. Na farko gyaran hanya ne. Darasin yana nan yadda yake, tambayar da za a yi wa na kusa da kai ita za a yi maka, sai dai a ba ka littafin a rubutun Braille, wato rubutun makafi mai ɗigo-ɗigo da ake karantawa da yatsa, ko a kwamfuta, a yi maka zane mai tudu wanda yatsa zai bi, a ƙara maka lokaci a jarrabawa domin karatu da yatsu ya fi cin lokaci, malami kuma ya riƙa faɗin abin da yake rubutawa a allo maimakon ya ce "wannan a haɗa da wancan". Na biyu rage kaya ne: a cire wani sashe na manhajar karatun gaba ɗaya, a sauko da abin da ake sa ran ka iya.

Shi rage kayan ba laifi ba ne a inda ya dace. Akwai yaran da lalurarsu ta shafi fahimta, waɗanda in aka koya musu ƙirga kuɗi, da shiga mota su kaɗai, da wata sana'a, an yi musu gatan da ya fi tilasta musu aljabara. Kada in ji ka raina ajinsu ko malamansu, aikin nan ba kowa ke iya shi ba. Amma kai idonka ne ba ya gani. Me ya haɗa wannan da rage maka lissafi?

Kuma abin ba a bana zai tsaya ba. Darussan da ka zaɓa yanzu su ne za su fito a takardar kammala sakandare, ita kuma takardar ita jami'a za ta duba. Ranar da ka je neman gurbi babu wanda zai tambayi ko an dafa kafaɗarka, za a ce babu lissafi, shi ke nan. A wasu ƙasashen ma, kamar Amurka, ɗalibin da aka rage wa manhaja sosai yakan ƙare da takardar shaidar halartar makaranta kawai, wadda ba ta kai cikakkiyar takardar kammalawa ba. Saboda haka tambayar farko da za ka yi ita ce: in na bi wannan rukuni, wace takarda zan fita da ita, kuma ina da ina za ta shigar da ni?

Ba kai aka fara ba wa irin wannan shawara ba. Abraham Nemeth, wanda aka haifa makaho a birnin New York a 1918, lissafi yake so tun yana yaro, amma masu ba da shawara suka ce masa makaho ba shi da makoma a nan, ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam. Ya bi maganarsu har digiri na biyu, ya fito ya rasa aikin yi a fannin da aka zaɓa masa. Sai ya koma lissafinsa. Da ya ga rubutun Braille na lokacin ba ya ɗaukar alamomin lissafi yadda ya kamata, ya zauna ya tsara nasa, aka karɓe shi a 1952, har yau da sunansa ake kiransa. Shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi a jami'a a Detroit. Tun kafin shi da nisa akwai Nicholas Saunderson a Ingila, wanda agana ta makantar yana ɗan shekara guda, a 1711 ya hau kujerar farfesan lissafi ta Jami'ar Kambirij, kujerar da shahararren masanin kimiyya Isaac Newton ya taɓa zama a kanta. Da allo mai ramuka da 'yan allurai yake lissafinsa. Shi kansa Louis Braille, ɗan baduku da basillar mahaifinsa ta soki idonsa, shekararsa 15 a 1824 lokacin da ya haɗa ɗigo shidan nan da kake karatu da su. Sa'anka ne fa. Ban kawo su don in ce dole ka zama farfesa ba, na kawo su ne don ka ji cewa hanyar ta daɗe da buɗewa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce da sauƙi ba. Lissafin siffofi zai wahalar da kai, domin abin da mai ido ke ɗauka da kallo ɗaya kai sai ka bi shi layi-layi ka haɗa a kanka. A ɗakin gwaje-gwaje sai an haɗa ka da abokin aiki mai gaya maka launin da ruwan ya koma, kai kuma ka riƙe lissafi da rubuta sakamako. Za ka kwana kan aikin da wasu suka gama kafin magariba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ina zargin ma wahalar nan ce ta sa malaminku ya ga da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin shirya maka zane mai tudu aiki ne a kansu, mayar da kai wani ajin kuwa sa hannu ne kawai.

Ni ma na taɓa yi maka irin abin da nake kuka da shi. Har ka kai shekara goma ni ke ɗaure maka takalmi, ni ke zuba maka ruwa a kofi, ko ƙofar gida ba na bari ka taka kai kaɗai. Malamar da ta koya maka tafiya da sanda ce ta ja ni gefe ta ce in riƙa sa hannuwana a baya in na ga kana fama. Na ji haushinta har na yi kuka. Cikin wata biyu kana yin abubuwan da na ɗauka ba za ka taɓa iyawa ba, sai kunya ta kama ni. Shi ya sa da ka ce ya dafa kafaɗarka na gane hannun, irin nawa ne na wancan lokaci.

Darasin tafiya da sanda, da na kwamfuta, da na kula da kai, duk ka riƙe su da kyau, kana buƙatarsu. Sai dai a nema musu lokaci a gefe, kada a ɗauke lissafi a sa su a gurbinsa.

Yanzu ga abin da nake so ka yi. Ka ce ba za ka sa hannu ba sai an zauna, da ni, da malamin lissafi, da malamin sashen masu buƙata ta musamman, kai ma kana wurin. Ba roƙo ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006, a sashe na 24, ta hana a ware yaro daga karatun sakandare saboda naƙasa, ta ce a yi masa gyaran da ya dace da buƙatarsa, har rubutun Braille ta ambata da suna. A zaman kada ka bar ni in yi ta magana a madadinka kamar yadda na saba, in na fara ka taka mini ƙafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka faɗi abin da kake buƙata ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, kuma duk abin da aka amince a rubuta shi, da sunan wanda zai yi da ranar da za a yi. Musamman littattafai: a ba da sunayensu tun yanzu, domin mayar da littafin lissafi zuwa Braille yana ɗaukar watanni, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tuna bara sai tsakiyar zango littafinka ya iso, aka ce wai ka yi rauni a darasin.

In ka gwada shekara guda da kayan aiki a hannunka, ka ga zuciyarka ta fi karkata ga tarihi ko harsuna ko shari'a, wallahi ba zan ce uffan ba. Sai ka bar lissafi kamar yadda dubban masu ido ke barinsa, don ba ya ransu.

Ka turo mini ranar da suka sa, da sunayen littattafan zango mai zuwa. Zan taho maka da sabon kan sanda, babanka ya ce wancan ya cinye tun hutun da ya wuce. Ƙannenka suna gaishe ka, ƙaramar ta ce ka ajiye mata allon ƙirgarka na da in ka daina amfani da shi.

Allah ya yi maka albarka, ya buɗa ƙirjinka.

Mahaifiyarka