Wasiƙa daga Granada: ɗan guzurin Sifaniyanci kafin ka taso

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara da duk mutanen gida. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna ƙwarai da jin biza ta fito, za ka zo birnin Elche a nan ƙasar Sifaniya ka ga masu masana'antar takalman da kake aiko wa fata daga Kano. Allah ya sa a zo a sa'a. Ka ce in rubuto maka ɗan abin da za ka riƙe na yarensu. To ga shi, amma ka riƙa karantawa a fili, don harshenka ya saba.

Ka sa a ranka tun yanzu cewa gaisuwarsu gajeriya ce. Babu ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya muka ji da zafi. Mutum zai ce maka "hola" ya ci gaba da sabgarsa. Watannina na farko abin ya yi mini ciwo, na ɗauka raini ne, sai daga baya na gane iyakar gaisuwar ke nan, kuma da zuciya ɗaya ake yin ta. Sai dai duk gajartarta ba a barin ta. Ka shiga shago ko ɗakin jiran likita ba ka ce uffan ba, nan ne za su ga rashin ladabinka.

Ba a furta harafin h, don haka "ola" za ka ce. Da safe "buenos días", kuma safiyarsu ba ta ƙarewa sai an ci abincin rana, wajen ƙarfe 2. Daga nan "buenas tardes" har duhu ya yi, sannan "buenas noches". In ka rikice, ka ce "buenas" kawai, ta wadatar. Mu Hausawa mun yi dace, wasulansu biyar ne irin namu, yadda aka rubuta haka ake karantawa.

Tunda wurin manya za ka je, ka kula da wannan. Yadda muke ce wa dattijo "ku", su ma suna da "usted" na girmamawa, "tú" kuwa na tsara ne da yara. Ka fara da "¿Cómo está usted?", wato yaya kuke. In an tambaye ka, ka amsa "Bien, gracias, ¿y usted?" Su da kansu za su ce ka sauko zuwa "tú", kuma ba sa daɗewa. Sunanka ka faɗe shi da "me llamo", ana furta shi "me yamo", ka miƙa hannu ka ce "mucho gusto", na ji daɗin haɗuwa. Mace kan miƙo kunci don sumba biyu ta gaisuwa. Ni nakan ɗora hannu a ƙirji in ɗan rusuna da fara'a kafin ta matso, ban taɓa ganin wadda ta ji haushi ba.

"Por favor" da "gracias" kada su bar bakinka, don Allah da na gode ke nan, amsar kuwa "de nada". In ka taka mutum ko kana neman hanya, "perdón". In magana ta yi maka gudu, kuma za ta yi, ka ce "no entiendo, más despacio, por favor": ban gane ba, a hankali don Allah. Kuɗin kaya "¿cuánto cuesta?", neman wuri "¿dónde está?" sai ka ambaci sunan wurin.

Akwai wata da na koya a wurin masu kifi a kasuwa. Na isa na ga mutane tsaye birjik, babu alamar layi. Wata tsohuwa da kwando ta shigo bayana ta ɗaga murya, "¿Quién es el último?", wa ya zo ƙarshe? Kowa ya juyo ya dube ni. Wani dattijo ya taɓa kafaɗata ya raɗa mini, "yo". Na ce "yo", wato ni ne. Ashe layin a ka yake, kowa ya san wanda yake bi.

Batun abinci kuwa, kada ka ji nauyin tambaya. Naman alade ya shiga girkinsu sosai, za ka ga cinyoyinsa rataye a shaguna, sunansu "jamón". Harafin j ɗin nan kamar kha na Larabci yake fita. Ka ce "no como cerdo", ba na cin alade, ko ka nuna kwano ka ce "¿lleva cerdo?", wato da alade a ciki? Ka haɗa da ambaton jamón, domin wasu ba ya zuwa ransu in an ce alade.

Abin da ya fi sanyaya mini rai shi ne jin kalmomin gida a bakinsu. Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar nan daga 711 har faɗuwar Granada a 1492, kuma Larabci ya bar sawunsa. In za a rabu ana cewa "hasta luego" ko "hasta mañana", sai an jima, sai gobe. Wannan "hasta" ita ce hatta ɗinmu. Magajin gari "alcalde" ne, tushensu ɗaya da alƙali. In suna fatan abu sai su ce "ojalá", wadda asalinta in Allah ya so ne. Ranar da na fara jin ta a bakin maƙwabciyata tana fatan ruwan sama, sai da na tsaya cak a bakin ƙofa.

Kada ka ɗauko mini kilishi, ba a barin matafiyi ya shigo da nama Tarayyar Turai, ƙwacewa za su yi. Hula zanna ɗaya ta ishe ni. Ka sanar da ni ranar saukarka a Madrid, in Allah ya yarda zan zo in tarye ka, bayan ka gama da Elche kuma mu hau Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi a nan Granada, tare. Ka gaishe mini da Baba, ka ce ina neman addu'a.

Naka har kullum,
Amininka