Wasiƙar godiya ga masu kula da gidan niƙa na Houghton

Zuwa ga ma'aikata da masu aikin sa-kai na ƙungiyar National Trust mai adana wuraren tarihi, da ke riƙe da tsohon gidan niƙa na ƙauyen Houghton, a yankin Kambirij na Ingila.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ranar da muka zo na yi muku godiya da Turanci a tsaitsaye, amma ba ta gamsar da ni ba. Abin da ya faru ranar da Hausa ya faru, shi ya sa na ga gara in rubuta shi da Hausa, 'yan uwana da ke zaune a ƙasar nan su ma su karanta.

Mahaifiyata ta zo mana daga Kura, za ta yi wata uku. Ba a yi sati biyu ba ta fara ƙosawa. Mun kai ta Landan, mun kai ta manyan kantuna, abin da kawai take cewa shi ne, "To, madalla." Wata Lahadi na ce mata, "Inna, ki shirya mu je Houghton." Mutanen wurin kuwa "Hoton" suke kiran garin nasu. Sai ta ce, "Hoton wa kuma? Ba jiya kuka ɗauke ni ba?" Da dariyar nan muka kama hanya.

Ƙauyen yana tsakanin Huntingdon da St Ives, a bakin kogin Great Ouse. Gidan niƙan dogon gini ne na jan bulo da katako, zaune a kan ruwa, tun daga ƙofa kana jin ƙasa tana ɗan rawa a tafin ƙafarka. Matakalar hawa sama tsaye take kamar tsani, Inna kuwa gwiwa ta daɗe da yi mata gardama. Ina cikin tunanin yadda zan yi, sai wani dattijo cikinku, gari ya yi masa fari har a gira, ya ɗauko kujera ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Ya ajiye ta daidai bakin wani ɗan indararo na katako inda gari ke zubowa cikin buhu.

Inna ta tara hannu. Ta murza garin da yatsu, ta shinshina, ta ɗora kaɗan a harshe. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ka faɗa masa dutsensa ya ji koɗa." Na rasa yadda zan fassara koɗa, na yi ta kwatance da hannu kamar mai sassaƙa. Dattijon nan ya gane kafin in gama. Ya yi bayanin yadda ake ɗage dutsen sama a kifa shi, a bi layukan da aka yanka a fuskarsa da ƙarfe mai kaifi ana sara a hankali har su farfaɗo. Inna ta ce haka makoɗi yake yi wa dutsen gidansu idan ya yi santsi ya daina cin hatsi. Na zama tafinta tsakanin tsofaffi biyu na kusan rabin awa, kuma gaskiya ni ne mafi ƙarancin sanin abin da ake magana a kai.

Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne garin ba ya ƙona hannu. Duk wanda aka taɓa aika kai niƙa inji ya san yadda gari ke dawowa da zafi, sai an baza shi a faifai ko tabarma ya sha iska kafin a tankaɗe. Na nan kuwa ɗumi kawai gare shi. Na hau sama na ɗauko mata bidiyo a waya don ta ga dalili. Ana ɗage ƙofar ruwa, ruwa ya bugi allunan wani ƙaton wili, wilin ya juya a hankali kamar ba ya so. Wasu wilin masu haƙora su karɓa su ƙara gudun, su juya dutsen sama, na ƙasa kuwa yana zaune daram. Alkama na gangarowa kaɗan-kaɗan ta ramin da ke tsakiyar dutsen sama, layukan duwatsun biyu suna giftawa kamar almakashi, suna yanka ƙwayar suna tura garin gefe. Duwatsun ba sa haɗuwa. Mai niƙa ne ke sa ido a kan ratar da ke tsakaninsu, da yatsunsa kuma yake gane ko ta yi daidai, kamar dai yadda Inna ta yi.

'Yata mai shekara bakwai ta kama wani ƙaramin dutsen hannu da ake juyawa da sanda, ta juya sau biyar ta ce hannunta ya gaji. Inna ta ce, "Kishiya, da a gidanmu ne da yau kowa ya kwana da yunwa." Sai ta ba ta labarin niƙan asuba, a durƙushe, ɗan dutse a hannu ana turawa ana jawowa, ana waƙa don kada barci ya ɗauke mutum. Shekarata arba'in da ɗoriya ban taɓa jin wannan labarin daga bakinta ba.

Tarihin wurin ma kun ba mu shi ba tare da kun yi masa kwalliya ba. Akwai rubutun da ya ambaci gidan niƙa a Houghton tun shekarar 974, a hannun gidan zuhudun Kirista na Ramsey. Manoman da ke zaune a gonakin gidan zuhudun dole ne su kawo hatsinsu nan, mai niƙa kuma ya ɗebi nasa kason. Da na fassara wa Inna ta ce, "Ashe ladan niƙa ba yau ya fara ba." Sai dai nasu ba ciniki ba ne, tilas ce. A 1500 shugaban gidan zuhudun ya tare ruwan kogin don wilinsa ya sami ƙarfi, ruwa ya mamaye ƙauyen da ke maƙwabtaka, mutane suka yi bore, sai bayan shekara 15 aka ba su damar karkatar da ruwan idan ambaliya ta taso. Da Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen zuhudu, na Ramsey ya faɗi a 1539, gidan niƙan ya koma hannun sarauta.

Mai niƙan da aka fi tunawa da shi Potto Brown ne, wanda ya rayu daga 1797 zuwa 1871. A zamaninsa wili uku ne ke juya duwatsu ashirin, goma na sama goma na ƙasa. Ya yi kuɗi, ya gina majami'a da makarantu, har yau gunkin kansa na tagulla yana tsakiyar ƙauyen. Ana ba da labarin cewa yakan ɗauko littafin bashinsa ya kawo wurin addu'ar iyali, ya kai ƙarar masu taurin bashi wurin Ubangiji. Ni dai na san 'yan kasuwa da dama a Kwari da za su fahimce shi sarai.

Abin da ya kashe sana'ar sananne ne. Manyan injinan ƙarfe a biranen bakin teku suka riƙa niƙa alkamar da ake shigowa da ita daga waje, suna fitar da farin fulawa mai araha, dutse da ruwa suka kasa gasa da su. Wajen 1930 niƙa ya tsaya a Houghton. Mutanen garin ne suka sayi ginin don kada ya salwanta, aka miƙa shi ga ƙungiyarku a 1939. Ya yi shekaru yana masaukin matasa matafiya, har zuwa 1983, inda aka hana shan taba a ciki saboda tsoron gobara. Sai a 1999 kuka mayar da duwatsun niƙa.

Wannan mataki na 1999 shi ne asalin godiyata. Da kun so da kun share ginin kun ɗaura igiya kun rubuta "kada a taɓa", ba wanda zai zarge ku, kuma da ya fi muku sauƙi. Dutsen da ke aiki yana son koɗa, katakon da ke cikin ruwa yana ruɓewa, ga masu aikin sa-kai da ke ba da ranar hutunsu kyauta. Amma da a tsaye yake, da Inna ta leƙa ta ce "To, madalla" mun fito.

Ga 'yan uwa masu niyyar zuwa: ba kullum ake niƙa ba, kuma aikin ya dogara da yanayin kogi, don haka ku bincika kafin ku tashi. Akwai wurin shan shayi, akwai fili a bakin ruwa. A nan kan ciyawa Inna ta shimfiɗa ɗankwali ta yi la'asar, masu wucewa da karnukansu suka riƙa kewayawa nesa da ita ba tare da an ce musu komai ba.

Mun sayi garin alkamarku leda uku, mai dusa a ciki. Washegari ta kwaɓa funkaso da ɗaya, ta yi miyar taushe da kabewar da muka samo a shagon 'yan Pakistan. Sauran biyun ta hana kowa taɓawa, ta naɗe su a zani ta sa a akwati, suna Kura yanzu. Jiya da muka yi waya ta ce idan na koma in gaishe mata da mai niƙa, in kuma tambaye shi ko ya sake koɗa dutsen.

Naku da godiya,
Wani ɗan Kano mazaunin Peterborough