Wasiƙa Zuwa Landan: Tsohon Da Ya Zo Neman Ɗansa

Zariya, daren Laraba

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana nan ƙalau. Ya sanyi, ya aiki, ya kuma haƙuri da mu? Mu nan sai godiyar Allah. Damina ta kankama, har katangar bayan gida ta zube makon jiya, awakin maƙwabta sun samu hanyar shiga lambun uwargida, kullum da ƙarar da ake kawo mini. Saƙon da ka aiko ya iso, na kai wa Hajiya nata da hannuna, ta yi ta sa maka albarka har na gaji da amsa amin.

Ka san ni da waya ba ma shiri in magana ta yi tsawo, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ranar Asabar bayan isha'i ɗanmu, wato ɗanka, ya shigo da kwamfutarsa a hammata, ya ce, "Baba, ga wani fim da aka yi a garin da Abba yake, na ce ko za ka gani." Na ɗauka irin na harbe-harben nan ne da suke kallo. Ashe London River ne, na wani darakta Bafaranshe ɗan asalin Aljeriya, Rachid Bouchareb, wanda ya fito a 2009. Labarin ya faru ne a kwanakin da suka biyo bayan bama-baman 7 ga Yuli 2005, waɗanda suka tashi a jiragen ƙarƙashin ƙasa uku da bas ɗaya, suka kashe mutum 52. Wata Baturiya manomiya ta taso daga tsibirin Guernsey tana neman 'yarta da ta daina ɗaukar waya. Wani tsoho Musulmi ɗan Afirka, Usmanu, mai aikin kula da itatuwa a dajin Faransa, shi ma ya zo neman ɗansa Ali, wanda rabonsa da shi tun yaron yana shekara shida. Uwar yaron ce ta kira shi daga gida ta ce ya je ya dubo. Ko fuskar ɗan bai sani ba.

Wanda ya fito a tsohon shi ne Sotigui Kouyaté, kuma a kansa nake so mu yi hira, don tun ranar ya tsaya mini a rai. Na san sunan tun muna Samaru, amma sai yanzu na zauna na bi sawunsa da kyau.

Ka fara ganin mutumin tukuna. Dogo ne siriri kamar sillen kara, gashi a murmurɗe ya sauko kafaɗa, 'yar jaka a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Yana tafiya a titunan unguwar Finsbury Park, wadda na tabbata ka sani, kai ka ce kuka ce aka tumɓuke aka dasa a tsakiyar kwalta. Akwai inda ya ga hoton 'yar matar nan a manne a bango cikin waɗanda ake cigiya, ya gane ita ce ke kusa da ɗansa a wani hoto da aka ba shi ta hanyar mutanen masallaci. Ya kira lambar, suka haɗu, ya miƙa mata hoton. Ita kuwa ganin baƙin mutum Musulmi riƙe da hoton 'yarta, sai ta haɗa shi da 'yan sanda. Nan ne na gyara zama. Da wani jarumin ne, da ka ga ido ya kaɗa, jijiyar wuya ta miƙe, an fara dogon jawabi. Shi ko gezau. Ya zauna gaban mai tambaya ya ɗora hannuwa a kan sandarsa, yana amsawa da kalma biyu uku, kuma duk wulaƙancin da aka yi masa kana ganinsa a yadda yake sauke numfashi. Wallahi sai da na ji kunyar matar ta kama ni, alhali ba ni na yi ba. Ba zan faɗa maka yadda aka ƙare ba. Zan dai ce akwai waƙar bankwana da ya rera mata da harshensu, da muryar da ta riga ta gaji, kuma ban san ma'anar kalma ɗaya ba amma sai da na cire tabarau.

Da wannan fim aka ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finai na Berlin a 2009, yana da shekara 72. Shekara guda da 'yan watanni bayan nan, ranar 17 ga Afrilu 2010, ya rasu a Paris da ciwon huhu, aka kai shi Wagadugu aka binne. Wato ramar da muka gani a jikinsa ba kwalliyar fim ba ce.

A Bamako aka haife shi a 1936. Shi da bakinsa yakan ce asalinsa Gini, haihuwarsa Mali, riƙonsa Burkina Faso. Abin da zai ba ka dariya, da ƙwallon ƙafa ya fara suna, har ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar ƙasar, lokacin ana ce mata Haute-Volta, kafin Sankara ya sauya sunan a 1984. Sai a 1966 ya shiga wasan daɓe, ya kafa tasa ƙungiyar, yana yi yana aikin gwamnati. Kuma ga abin da ya kusanto mu: daga cikin fina-finansa na farko akwai FVVA na 1972, na Moustapha Alassane ɗan Nijar, wanda haruffan sunansa ke nufin mace, gida, mota, kuɗi. Tare da Zalika Souley suka fito. Ka ji burin ma'aikacin gwamnati na wancan zamani a kalma huɗu, kuma ban ga abin da ya sauya ba, sai dai a ƙara waya.

Gidansu gidan jeli ne, a harshen Mande. In na fassara maka da maroƙi na rage masa daraja, in na ce marubucin tarihi na yi ƙarya, don ba da alƙalami suke yi ba. Su ke riƙe da salsalar kowane gida a ka, su ake aika neman aure, su ke shiga tsakani in sarakuna sun yi saɓani. Ka haɗa sanƙira da makaɗin fada da dattijon unguwa mai sulhu a jikin mutum ɗaya, ka kusa. Zuriyar Kouyaté tana kai kanta ga Balla Faseke, jelin Sunjata Keita wanda ya kafa daular Mali a ƙarni na 13. Sotigui bai taɓa ɓoye wannan ba, duk inda ya je da shi yake gabatar da kansa.

Ka tuna wasan da muka yi a aji huɗu, kai Sarki ni maroƙinka? Ka tuna da labari ya kai gida, Malam, Allah ya jiƙansa, ya kira ni zaure ya ce ɗan malamai da roƙo a bainar jama'a, ya kwana uku bai amsa gaisuwata ba? Daga ranar ban sake hawa dandamali ba. Kai da ka yi Sarki ba wanda ya ce maka kanzil. Na daɗe da yafe wa kaina, amma da na ga inda gādon baki ya kai wannan bawan Allah, sai da tsohon mikin ya ɗan motsa.

Yana dab da shekara hamsin aka aiko masa daga Paris. Peter Brook, Baturen Ingila da ya koma Faransa ya tara 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban a wani tsohon gidan wasa mai suna Bouffes du Nord, shi ke shirya Mahabharata, babban labarin nan na mutanen Indiya. An fara nuna shi a 1985 a bikin Avignon, a cikin wani ramin fasa dutse, awa tara cur, wani lokaci a fara da almuru a tashi da asuba. Sotigui ya fito a Bhishma, ɗan sarkin da ya yafe gadon sarauta ya kuma rantse ba zai yi aure ba don mahaifinsa ya samu matar da yake so, aka saka masa da cewa mutuwa ba za ta ɗauke shi ba sai ranar da ya zaɓa. A ƙarshe yana kwance a kan kibiyoyin da suka huda shi, yana ba jikoki shawara. An mayar da wasan fim a 1989, ka nema ka duba. Mu da muka tashi da fina-finan Indiya a silima, ka yi tunanin baƙin mutum daga Wagadugu a matsayin kakan jaruman Indiya, kuma minti biyar da fara kallo ka manta da batun launi. Mutum ne da aka raina a gidan da ake magana da yawun kakanni, to me zai ba shi wuya a nan?

Ya zauna da Brook kusan shekara ashirin. A 1990 ya ba shi Prospero, tsohon mai sihiri na wasan Shakespeare. Amma wanda ya fi jan hankalina shi ne na 2004, Tierno Bokar, don labari ne da ɗan Zariya zai gane tun kafin a gama faɗa. Cerno Bokar malamin Tijjaniyya ne a Bandiagara ta ƙasar Mali, dangin Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna Sakkwato ya auri 'yar Sarkin Musulmi Bello. Rigima ta tashi a kan Jauharatul Kamali a wazifa: ƙafa goma sha biyu za a karanta ko goma sha ɗaya? Mutanen Shehu Hamallah na Nioro suna kan sha ɗaya, gidan Umaru suna kan sha biyu, Faransawa 'yan mulkin mallaka kuma suka sa hannu suka mai da abin siyasa. Cerno, da tsufansa, ya tafi Nioro ya saurari Hamallah, ya dawo ya bi sha ɗaya. Danginsa suka juya masa baya, aka watse masa makaranta, ya rasu a 1940 kusan shi kaɗai. Almajirinsa Amadou Hampâté Bâ ne ya rubuta tarihin. Ƙwayar carbi ɗaya tak! Hotunan wasan da na gani, tabarma ce da guntun icce da Sotigui zaune cikin farar riga. Na ce a raina, mu da muke da rigimar ƙabalu da sadalu a tarihinmu, wa ya taɓa ɗora irin wannan a dandamali ya kwana lafiya?

Fina-finansa na tsakani ba zan bi su ɗaya-ɗaya ba. Ya yi Annabi Yaƙubu a La Genèse na Cheick Oumar Sissoko a 1999, abin da a nan ko a mafarki ba mai gwadawa. A Little Senegal na 2001, shi da Bouchareb ɗin dai, ya fito a tsohon mai yi wa baƙi jagora a gidan tarihin bayi na tsibirin Gore, wanda ya yi ritaya ya bi sawun danginsa da aka sayar har Harlem ta Amurka. Wanda na fi so ka nema shi ne Keïta na 1995, wanda ɗansa Dani ya shirya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tsohon jeli ya taso daga ƙauye ya sauka gidan wasu 'yan boko a birni, ya ɗaura ragayarsa a tsakar gida, ya ce ya zo ya faɗa wa yaronsu ma'anar sunansa. Labari ya yi daɗi, yaro ya fara ƙin makaranta, uwa ta tayar da hankali, malamin aji ya zo bin ba'asi. Fim ɗin bai ba kowa gaskiya duka ba, shi ya sa nake son sa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne namu dattawan. Mun yi Kasimu Yero, mun yi Samanja, mutanen da in sun ɗaga gira kaɗai gari ya ɗauka. Kasimu ya tafi a 2017, Samanja a 2023. Yau in ɗan wasa ya yi furfura a masana'antarmu, me ya rage masa? Ya zauna a kujerar falo ya daka wa 'yarsa tsawa a kan auren da ba ta so, fitowa biyu, a sallame shi da kuɗin mota. Ba wanda ke rubuta labari don tsoho. Shi kuwa wancan, manyan ayyukansa duk daga dab da shekara hamsin zuwa sama ya yi su, mafi girma kuma yana da ƙafa ɗaya a kabari. A Wagadugu har bikin karrama 'yan wasan Afirka ake yi da sunansa duk shekara.

To, bari in dawo kan ranar Asabar, don ban rubuto takarda mai tsawon nan saboda tarihin ɗan wasa kaɗai ba, kai ma ka sani.

Akwai inda tsohon ke faɗa wa matar cewa bai san ɗansa ba, bai san wane irin mutum ya zama ba, har ma ya taho da fargabar ko yana cikin waɗanda suka tayar da bam ɗin. Daidai nan na waiga. Ɗanmu ya daina kallon allo, ya sunkuyar da kai yana murza igiyar caja a yatsa. Da aka gama bai ce komai a kan fim ɗin ba. Ya naɗe kayansa, ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo ya ce, "Baba, shi Abba yana da furfura yanzu?" Na ce ai kuna ganin juna a waya. Ya ce kullum da hular sanyi kake.

Shekararsa bakwai ka tafi, yanzu sha takwas. Ya fi ni tsawo, muryarsa taka ce sak, har yadda kake taɓa kunne in za ka yi ƙarya ya ɗauko. Na san batun takardu, na san in ka fito komawa sai wani ikon Allah, na san kuma duk abin da ake ci a gidan nan guminka ne. Ban ce ka yi laifi ba, kuma shi ma ban taɓa jin ya ce ba. Amma shi ya zaɓo fim ɗin nan da kansa, ya ɗauko ya kawo wa abokin ubansa, ba abokansa ba.

Na ce ya tura maka ta waya, ya ce nauyinsa ya yi yawa, sai dai ka nema a can. Awa ɗaya da rabi ne, bai ma cika ba. In ka kalla ka kira shi, ba ranar Juma'a da kowa ke layi a karɓi waya a gaisa ba, wata rana daban, shi kaɗai. Ka cire hular.

Uwargida tana gaishe ka, ta ce yajin da ta aiko ko ya ƙare. Batun katanga kada ka damu, na yi magana da magini, sai ruwa ya ɗauke. Ka gaida mutanen Zariya da ke nan wajenku.

Naka har kullum,
Maroƙin Sarki na aji huɗu