Wasiƙar godiya ga ofishin da ke kai iyalai hutun ƙarshen mako bakin ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Alhaji shugaban ofishin shirya tafiye-tafiye da ke nan cikin birnin Katsina, da Hajiya mai riƙe da rajista, da direbobinku da yaran mota baki ɗaya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Mu ne iyalan da kuka riƙa kaiwa garuruwan bakin ruwa a bazarar nan. Cikinmu akwai malaman asibiti, akwai waɗanda suka yi aikin ruwa da noman rani har suka ajiye, akwai kuma tsofaffin direbobi. Saboda haka mun san inda irin wannan tafiya take ɓaci, mun kuma ga yadda kuka bi kuka toshe kowace kafa. An ce yaba kyauta tukwici. Mun zaɓi mu yi namu a bainar jama'a ne don mutane da yawa sun ɗauka zuwa bakin dam ba ya buƙatar komai sai a ɗauki shatar mota a cika kula da zoɓo.

Abin da ya fi burge mu game da ku, Alhaji, shi ne yawan abin da kuke hanawa. Ɗan kasuwa ba ya son cewa a'a ga wanda ya biya kuɗi, ku kuwa kuna faɗa, kuna kuma bayyana dalili.

Mu fara da lokacin. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a ƙasar nan kan haura digiri 40, kuma a lokacin ne ruwan madatsun ke ja da baya sosai. Wannan yana da daɗinsa: hanyoyin ƙauye a bushe suke, kifi ya taru wuri ɗaya, lambuna cike da albasa da tumatir da kankana a inda ruwan ya janye. Amma janyewar ce kuma haɗarin. Abin da ake gani kamar busasshiyar gaɓa sau da yawa ɓawon laka ne kawai a sama, ƙarƙashinsa taɓo ne da zai iya riƙe yaro har cinya. Kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun ranar da aka datse kogi sukan matso kusa da saman ruwa, su fasa cikin kwalekwale. Tsohuwar hanyar kogin kuma tana nan a ƙasa, mutum yana tafiya ruwa iya gwiwa sai taku ɗaya ya ji babu ƙasa. Wannan bayani Hajiya takan yi wa kowa tun ranar biyan kuɗi, kafin a ga mota.

Tsarin tafiyar ma da hankali aka yi shi. Ba ku tashi da an sauko daga Juma'a, lokacin da kwalta ke tafasa. Sai bayan la'asar ake kama hanyar Mashi, kilomita 80 da 'yan kai zuwa Daura, a isa kafin magariba. Ba a tafiyar dare ko da mutum ɗaya ya makara, wanda bai zo ba sai ya biyo motar haya da safe. Asabar da an idar da asuba a nufi dam ɗin Daberam ko na Sabke, a yi abin da za a yi a ruwa kafin ƙarfe 10, a koma inuwa. Da yamma mai so ya je rijiyar Kusugu da ƙofar fadar Sarki. Lahadi a bi titin Daura zuwa Kano a gangara Kazaure, inda dam ɗin Ayuba yake manne da gari, mutum na iya zama a gaɓa ya ci soyayyen kifi yana jin kiran sallar unguwa. Kafin la'asar an juyo gida.

Wasu cikinmu sun so a kai su dam ɗin Zobe, kuma ba laifinsu ba ne. Tun da aka kammala shi a 1983 a kan kogin Karaduwa, kusa da Dutsin-Ma, babu ruwan da ya kai shi girma a jihar nan, daga shi sai na Jibiya. Amsar da kuka bayar ita ce ba ku sa iyali a hanyar da ba ku samu tabbacin lafiyarta ba daga mutanen wurin a daren tafiya, kuma idan an fasa kuna mayar da kuɗi ko ku canja wuri. A ganinmu wannan ita ce amsar da ta dace, ko da wani ya ji haushi.

Mota kuwa, tsofaffin direbobinmu sun zuba ido sun ƙyale. Bas mai cin mutum 18 kuna zuba mata 14, sauran wurin na ruwa ne da kaya, ba a ɗaure komai a bisa. Ana auna iskar taya da sassafe tayar na sanyi, domin idan aka auna bayan an yi gudu awon zai nuna sama da gaskiya, yaron mota ya sace iska, tayar ta yi laushi, ta ƙara ɗaukar zafi, ta fashe. Mun ga direba ya durƙusa yana karanta lambobi huɗun nan da ke jikin taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Taya na iya zama da zanenta raɗau alhali robarta ta tsufa ta tsattsage, irinta ce ke tashi a watan Afrilu. Akwai safaya mai iska, da jak da ke aiki, da jarkar ruwan lagireto daban da ta sha, kuma yaranku sun san ba a buɗe murfin lagireto inji na zafi.

To, sai babbar magana, kwalekwale. Duk ɗan jihar nan yana tuna abin da ya faru a ƙaramar hukumar Mai'aduwa a watan Mayun 2022, cikin hidimar ƙaramar Sallah, da kwalekwale ya kife da mutane, yawancinsu yara. Kafin nan an yi na Bagwai a jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021, a dam ɗin Watari, shi ma akasari ɗaliban Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Sababin irin wannan ba ya wuce abu uku ko huɗu: lodi fiye da kima, tsohon jirgi mai yoyo, tafiya da duhu, da rashin rigar kariya. Shi ya sa muka ji daɗi da kuka ce ba ku shirya tafiya a ranakun Sallah, lokacin da kowane mai jirgi ke son ya ci kasuwar shekara a wuni biyu.

Ga yadda kuke yi, don wasu su koya. Tun kafin ranar kuna zuwa wurin sarkin ruwa, shi zai nuna matuƙin da ya san inda kututture yake da inda masunta suka kafa kalli, wato ragar kamun kifi. Da safe ana sa jirgin a ruwa babu kowa, a bar shi kamar minti 15 a gani. Dalili shi ne jirgin katako da ya kwana biyu a gaɓa cikin ranar bazara, katakonsa kan tsuke, haɗin ya buɗe, tsumma da kwaltar da aka toshe shi da su su saki. Idan ruwa ya taru a ciki fiye da abin da ƙwarya biyu za ta kwashe, a nemi wani. Ana shiga ɗaya bayan ɗaya, manya a tsakiya, kowa a zaune. Bayan an gama shiga, wakilinku yakan sa hannu ya auna daga saman ruwa zuwa leɓen jirgi. Idan bai kai taƙi ɗaya cikakke ba, wani zai sauka ya jira sahu na biyu. Jirgin da mai shi ya ce yana ɗaukar 12, ku 8 kuke sawa, kuma kuna biyansa kuɗin 12 ɗin don kada ya ga an tauye shi. Wannan dabara ta ƙarshe ita ce ta sa masu jiragen ba sa jayayya da ku.

Rigar kariya kowa sai ya sa, har wanda ya ce shi ɗan bakin kogi ne. Ba ratayawa kawai ba: ana ɗaure igiyoyin, sannan a kama kafaɗun rigar a ɗaga. Idan ta haura har kunnuwa ta yi yawa, a cikin ruwa za ta zame ta bar mai ita. Maza kan cire babbar riga tukuna, mata kuma Hajiya takan nuna musu su sa rigar a kan hijabi su tattare gefensa ciki, saboda yadi mai yawa idan ya jiƙe nauyi yake yi yana naɗe hannu. An hana miƙewa don ɗaukar hoto. Kwalekwale ba ya buƙatar igiyar ruwa kafin ya kife, mutum uku su karkata gefe ɗaya don kallon tsuntsu ya isa.

Daga ƙarshen Afrilu kuna ƙara wata doka, ba a shiga kwalekwale bayan azahar. Hadarin farkon damina daga gabas yake haɗowa, galibi da yamma, kuma iska ce ke riga ruwan isowa. Cikin 'yan mintoci dam ɗin da yake kwance lumui sai ya tashi, mai filafili ba zai iya kai jirgi gaɓa ba.

Malaman asibitin cikinmu sun ce lallai a ambaci hana wanka, domin a nan ne iyaye suka fi matsa muku. Yaro ya ga ruwa cikin wannan zafi, ga yaran garin suna ta iyo, a ce masa kada ya shiga, sai kuka. Amma ruwan dam da ke kwance, musamman gefen da ciyawa take, gidan ƙananan katantanwa ne masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar ba sai an sha ruwan ba, ta fata take shiga, kuma ta fi yawa a ruwa da tsakar rana, daidai lokacin da ake sha'awar wankan. Ba a ganin komai a ranar sai ɗan ƙaiƙayi. Sai bayan wata biyu ko uku a ga jini a ƙarshen fitsarin yaro, lokacin kowa ya manta da tafiyar. Maganinta, praziquantel, ana bayar da shi ne gwargwadon nauyin jiki, don haka asibiti ake zuwa, ba a saye a kemis a yi ta ƙiyasi. Ku kun huce wa yaran da durom biyu na ruwan famfo da kuke ɗorawa a motar kaya, a watsa musu a gindin bishiya, alwala ma da shi ake yi. Wanda ruwan dam ya taɓa wajen sauka daga jirgi, akwai tawul a goge nan take.

Ruwan sha kuna lissafa lita 5 ga kowane babba a wuni, ba a jira sai an ji ƙishi. Cikin akwatin magani akwai gishirin zawo na leda, kuma an koya wa yaran mota haɗa na gida idan ya ƙare: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ƙanƙara kuma dunƙulalliya kuke saye ku naɗe da buhu, ba farfasasshiya ba, wadda kafin azahar ta zama ruwa.

Masauki ba na alfarma ba ne, kuma kun faɗa tun farko. Abin da kuka tabbatar shi ne akwai sola da za ta riƙe fanka har asuba, akwai gidan sauro a kowane gado, ɓangaren mata daban. An gargaɗi kowa kada ya fita da dare babu tocila da rufaffen takalmi, domin zafi kan fito da maciji da kunama.

Wajen sayen kifi ma kun yi mana rana. Da an ga baƙi da mota farashi kan tashi, sai wakilinku ya sa a jira masunta su fito da kamun safe, a yi ciniki gaba ɗaya sannan a raba. Karfasa da tarwaɗa ne suka fi yawa. Ya nuna wa mata su ɗaga murfin kunnen kifin, in ciki ja ne jawur kuma ido bai dushe ba, na yau ne. Wanda zai kai ɗanye Katsina, a fede shi a wurin a cire kayan ciki, a jera a kula da ƙanƙara daidai nauyin kifin. Karfasar da aka bari da cikinta a but ɗin mota a wannan yanayi ba ta kai Mashi lafiya. Mai son hutawa da wannan wahala ya sayi banda, ya karya ɗaya ya duba ko ta bushe har ciki.

Muna kuma yaba yadda kuke girmama mutanen garuruwan. Ana fara gaida mai gari, ba a ɗaukar hoton matan da ke wanki a gaɓa, ba a ratsa lambun kowa, kuma ledar ruwa da robar lemo duk ana tattarawa a buhu a dawo da su.

Roƙonmu biyu ne, Alhaji. Rigunan kariya na ƙananan yara sun yi kaɗan, har akan raba yaran sahu-sahu ana jiran riga, kuma wasu ba su da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, wadda ita ce ke hana yaro zamewa. A ƙaro su kafin baɗi. Na biyu, a samo rumfar tamfol ta tafi-da-gidanka saboda tsofaffi, domin da ruwa ya ja baya, bishiyoyin inuwa sun yi nisa da inda jirgi ke tsayawa.

Allah ya ƙara buɗi, ya tsare hanya, ya saka wa Hajiya da direbobi da yaran mota da alheri. A miƙa mana gaisuwa wurin sarakunan ruwa da matuƙan da suka yi haƙuri da dokokinku.

Wassalam.

Naku,
Iyalan da suka yi tafiyar bazara tare da ku, daga Katsina da Daura.