Rahoton Ayyukan Shekara: Yadda Muka Gano Jiniya Mai Murya Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Iyayenmu dattawan ƙungiya, shugaba da sauran jami'ai, 'yan uwa mambobi na gida da waɗanda neman abinci ya kai nesa, ina gaishe ku da fatan kowa yana lafiya.

Ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta masu adana tsoffin injuna da kayan aikin da ta yi bana a nan Zariya. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi tare da rasitansa a zama mai zuwa, don haka ba zan taɓo shi a nan ba.

Zamanmu na wata-wata ya gudana, in ban da watan azumi da muka ɗaga, da kuma wata rana a tsakiyar damina da ruwa ya hana kowa fita. Mun raka ɗaliban wata sakandare zuwa tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari, inda dattawanmu suka ba su labarin yadda layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, da yadda aka ja reshe daga nan ta Gusau har Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929. Abin da ya fi ba yaran mamaki shi ne jin cewa an taɓa yin wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa jin labarinsa. Sai kuma aikin naɗar muryoyin tsoffin ma'aikata a waya, wanda muka ci gaba da shi, kuma daga cikinsa ne babban aikin shekarar nan ya fito.

Duk tsohon da muka zauna da shi, ko na reluwe ne, ko na injin gurzar auduga, ko na kamfanonin da suka rufe, sai ya ambaci jiniya. Kafin agogon hannu ya yi arha, ita ce agogon gari. Ita ke tada lebura da safe, ita ke sallamarsa. Wata dattijuwa a Tudun Wada ta ce mana da kukan jiniyar rana take ɗora tukunya, domin ta san maigida na tafe. A sanyin hunturu da asuba kuwa, suka ce, kukan kan ƙetare Kubanni kamar a bayan ɗaki ake yin sa.

Amma Baba, tsohon fitan nan, wato makanikin injuna, da kowa ya san yadda yake riƙe magana, ya dage a kan wani abu da sauran suka wuce. Ya ce jiniyoyin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wata guda da ke kuka da murya biyu a lokaci ɗaya, kamar babba da yaro sun haɗa baki, kuma in an kashe ta takan daɗe tana gurnani kafin ta yi shiru. Har ya kwaikwaya mana da bakinsa. Ɗaya daga cikin matasanmu, wanda ya karanta aikin lantarki, ya saurari naɗin sau da yawa, sa'an nan ya zo zama da bayanin da zan maimaita a nan saboda waɗanda ba su halarta ba.

Irin wannan jiniya ba ta da lasifika, iska kawai take yankawa. Injin lantarki ne ke juya wata ganga mai fikafikai a cikin wani murfi mai tagogi. Gangar tana zuƙo iska ta tsakiya ta watso ta gefe, tagogin kuwa suna buɗewa suna rufewa da sauri, wannan yankan iskar shi ne kukan da ake ji. Yawan tagogi da saurin juyi su ke yanke kaurin murya ko siririntarta. Shi ya sa kukan ke hawa a hankali in an kunna, ya kuma sauko a hankali in an kashe, daidai yadda Baba ya faɗa. Wani Bafaranshe, Cagniard de la Tour, shi ya raɗa wa na'urar sunanta na Turai tun 1819. Mai murya biyu kuwa, ganga biyu gare ta, ɗaya a kowane bakin injin: ɗaya mai tagogi 10, ɗaya mai 12. Da wuta irin tamu da ta Ingila, injin yana juyi kusan sau 48 a daƙiƙa, sai ganga ɗaya ta yanki iska wajen sau 480, ɗayar wajen 576. Haɗuwar waɗannan biyun ita ke ba da wannan kuka mai sa tsikar jiki tashi. Irinta aka kafa a garuruwan Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don gargaɗin jiragen yaƙi: in kukan yana hawa yana sauka, a nemi mafaka, in ya miƙe bai karkace ba, hatsari ya wuce. Kamfanoni irin su Carter da Gents na garin Lesta suka ƙera su. A farkon shekarun 1990 Ingila ta kwance mafi yawan nata, aka bar kaɗan a wuraren da ake tsoron ambaliya, don haka ko a can ƙasarsu yanzu ba ko'ina ake ganinsu ba.

Wasu daga cikin yaranmu da suka ga bidiyo a intanet sun so su ce ai Thunderbolt ce ta Amurka, mai dogon ƙaho da ke kewayawa a kan turke. Baba ya ce sam, tasu ba ta da ƙaho, ba ta kewayawa, kwance take kamar ganguna biyu da aka haɗa da gindi. Wannan magana tasa ta rage mana wahala ƙwarai, domin mun san siffar abin da muke nema.

Neman ya ci mana wajen wata bakwai. Wuri na farko da aka kwatanta mana, mun tarar da hasumiyar ƙarfen da ake ɗora jiniya a kanta tana tsaye, amma samanta wayam, sai guntayen kusoshi huɗu da aka yanke da wuta. Mai gadin ya ce shi ma haka ya tarar. Wuri na biyu mun sha rana har bayan gari a kan babura, aka fito mana da ƙaramar jiniyar mota mai batir. Mai ita ya yi mana kirki, ya ba mu ruwa, muka yi godiya muka juyo. Bayan wannan gwiwar mutane da yawa ta yi sanyi, har aka kawo shawarar a bar maganar. Shugaba ne ya ce a ƙara wata uku, ya kuma kawo dabarar da ta fi duk yawon da muka yi amfani: a buga hoton irin jiniyar a takarda a raba wa 'yan gwangwan da 'yan jari bola, tunda duk ƙarfen da ya tsufa a garin nan ta hannunsu yake bi.

Ba a yi sati uku ba wani yaro ya kira. Ya ce akwai abu mai kama da hotonmu a filin ubangidansa, an sayo shi cikin tarkacen wata ma'aikata da magada suka sayar, kuma tirelar da za ta kwashe kayan zuwa kamfanin narka ƙarfe tana hanya. Mu huɗu muka isa bayan la'asar. Tana kife a ƙarƙashin tulin tsoffin kofofi da rim na mota, tsatsa ta rufe ta, zanzaro ya cika tagoginta da gidajen laka. Matashin namu ya durƙusa da alli a hannu yana ƙirga tagogin yana sa alama. Gefe ɗaya goma. Ya zaga ɗaya gefen, muna tsaye babu mai magana, ya ƙirga goma sha biyu. Da muka goge ɗan farantin da ke jikin injin da tsumma da kananzir, sunan Gents da na Lesta suka fito.

Ina so in faɗi wani abu game da Alhajin da ke da filin. Da ya ji dalilinmu bai tsawwala ba. Ya ɗora ta a sikeli, ya sayar mana a kan farashin kilo kamar yadda zai sayar wa kowa, ya kuma yi mana jinkirin kwana huɗu har muka haɗa kuɗin. Na sha jin wasunmu suna zargin masu wannan sana'a da cinye tarihin gari, ni kam ban yarda ba. Halaliyarsu suke nema, abin da aka kawo musu suke saye. Shekara nawa wannan jiniya ta yi tana kwance a cikin garin nan, wa ya je ya tambaya? Da mun makara da kwana biyar da yanzu ta zama rodi. Sakacin namu ne, kuma hasumiyar nan mai yankakkun kusoshi tana nuna cewa wata ta riga ta tafi ta wannan hanya.

Ƙarti shida suka ɗora ta a a-kori-kura. Yanzu tana garejin ɗaya daga cikin mambobinmu, wanda ya ba da wurin kyauta, Allah Ya saka masa da alheri. Ga halin da take ciki. Gangunan biyu suna nan, ɗaya da ɗan tsagu a gefe wanda mai walda ya ce zai ɗinku. Boris ɗin duka biyu sun cije, sai da aka yi sati uku ana jiƙa su da kananzir kafin sandar da ke juya gangunan ta motsa, kuma dole a sauya su. Babbar matsalar ita ce wayar jan ƙarfen da ke cikin injin, wadda aka riga aka farke aka zare kafin ta iso filin. Sai an sake naɗa ta gaba ɗaya, kuma injin na wuta mai layi uku ne, irin na injin niƙa, don haka ba kowane mai naɗi za a ba ba. Mun yi magana da mutum biyu a Sabon Gari, kwamitin gyara zai zaɓi ɗaya.

Ranar da sandar ta fara juyawa mun ɗauko Baba a mota. Jikinsa ya riga ya yi rauni a lokacin. Ya shafa tagogin ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka naɗa igiya a sandar aka fizga, gangunan suka juya suka yi wani ɗan gurnani can ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Ita ce, 'ya'yana. Ku ba ta wuta ku ji." Bayan sati shida Allah Ya karɓi abinsa. Shi da ɗaya dattijon namu, tsohon mai ba da hannu a tasha, su ne muka rasa bana. Ƙungiya ta je ta'aziyya gidajen biyu. Allah Ya jiƙansu, Ya sa Aljanna ce makomarsu. Muryar Baba tana kwaikwayon jiniyar tana cikin abin da muka naɗa, mun kuma ba iyalansa kwafi.

Akwai abu biyu da ba mu daidaita a kansu ba, zama mai zuwa ne zai yanke. Na farko fenti: wasu na so a kankare ta a shafa sabo, wasu na so a tsayar da tsatsar kawai a bar ta da kamanninta. Ni ina tare da na biyun, amma duk abin da jama'a suka zaɓa shi ke nan.

Na biyun ya fi nauyi, wato gwaji. Na san matasanmu sun ƙosa su ji ta, ni ma haka. Sai dai mutanen da suka san kukan jiniya a matsayin kiran aiki sun kusa ƙarewa. Wanda ya ji wannan kuka yau a tsakiyar unguwa, gobara ko tashin hankali zai kawo a ransa, kuma akwai masu hawan jini, akwai mata masu juna biyu, akwai yara a makaranta. Ra'ayina shi ne kada a haɗa ta da wuta sai an sanar da mai unguwa da hakimi, an sami izinin 'yan sanda a rubuce, an kuma roƙi limamai su faɗa wa jama'a rana da lokaci. A yi shi a fili a bayan gari da janareto, na ɗan lokaci kaɗan, duk wanda zai tsaya kusa kuma ya toshe kunnuwansa, domin ƙarar irin wannan inji tana iya lalata ji. Haka nan ba za a kunna ta ba sai an ɗaure ta da kusoshi a kan dakali, an kuma sa raga a bakin gangunan saboda yatsu.

A shekara mai zuwa, in Allah Ya kai mu, bayan naɗin injin muna so mu yi mata rumfa, mu kuma zaga mu rubuta duk tsohon injin da ya rage a Sabon Gari da Cikaji da Samaru kafin a kai shi sikeli. Takardar hoto da muka raba wa 'yan gwangwan za mu sake buga ta da hotunan wasu kayan, har da ƙaramar jiniya mai juyawa da hannu, wadda dattawa biyu suka ce sun taɓa gani.

Zama na gaba yana nan Asabar ɗin farko ta wata bayan la'asar, a inda muka saba. Masu bashin kuɗin wata su taho da shi, domin da shi za a sayi wayar naɗi. Duk wanda ke da tsohon hoto a gida da hasumiya ko rufin wata ma'aikata ya fito a ciki, ko da a bayan mutane ne, don Allah ya zo da shi mu duba.

Wassalam.

Sakatare